Baƙin da Ba Su Tada Hayaƙi Ba

A kasuwar Maraɗi Hamsatu ta sayo tantin, wurin masu kayan gwanjo. Shuɗi ne mai bakin ruwan goro, naɗe cikin wata jaka da ba ta fi matashin kai ba. Mai sayarwa ya rantse mata cewa ko makaho zai kafa shi. Ta kawo shi Dakoro ta tura ƙarƙashin gado, bai sake ganin rana ba sai ranar tafiya.

Hamsatu ma'aikaciyar kiwo ce. Ta yi karatun lafiyar dabbobi a Yamai, aka turo ta garinsu, kuma tun zuwanta babu wanda ya sake samun barcin rana a biro, wato ofishinsu. Kakanninta mutanen arewa ne. Sun gangaro shekarar da fari ya cinye dabbobi, suka yada zango a gefen garin Rumbu, suka koyi riƙon hauya. Uwarta a ɗakin laka aka haife ta, ita kuma a gidan siminti. Aikin nata ma bai taɓa kwanar da ita a daji ba: a fita da hantsi cikin motar aiki, a tara makiyaya a gindin itace a yi musu huɗuba, a ɗauki hoto, a dawo gari kafin magariba. Abin yana ci mata rai. Takan ce abin kunya ne mutum ya yi ta koya wa mutane yadda za su rayu a wurin da shi bai taɓa kwana ba.

Mijinta Yazidu malamin lissafi ne a koleji, ana kiransa Mushe kamar yadda ake kiran kowane ɗan boko a nan, mutum mai sanyin hali, wanda amsarsa ga rabin matsalolin duniya ita ce, "To, haka muka tarar." Da hutun damina ya zo, ya aro kat-kat ɗin wansa, motar shiga daji, don dai a zauna lafiya. Shirinsu su nufi arewa, su ga raƙuman dawa a Gadabeji, su leƙa Bermo, su riƙa kwana duk inda rana ta faɗi musu.

Ba su bar gari ba sai bayan azahar, saboda wata taya da ta ƙi riƙe iska. Suka ratsa gonakin gero da ya kai ƙugu, gonakin suka fara tsinkewa, har suka ƙare, hanya ta koma sawun taya biyu cikin ciyawa. Hamsatu ta saba ganin ƙasar nan da rani, ƙeƙasasshiya, ƙasusuwan dabbobi a gefen hanya. Yau kuwa kore shar har iyakar gani, kowane kwari da tabkinsa, shanu suna kwance suna tuƙa kamar ba su taɓa sanin yunwa ba.

Wajen la'asar Yazidu ya ce bayansa ya riƙe. Suka hau wani ɗan tudu mai aduwa guda ɗaya. A ƙetaren kwari, nisan da in ka yi kira za a ji, akwai zangon makiyaya: tantuna biyu na tabarma, jaki a ɗaure, da 'yan awaki.

"Nan ya yi," in ji Yazidu. "Ga mutane kusa. Ko wani abu ya taso, ba mu kaɗai ba ne."

Babu wanda ya tsaya a cikinsu ya tambayi kansa abin da mutanen za su fahimta idan mota ta tsaya a idon ƙofarsu aka fara sauke kaya.

Da suka zazzage jakar sai ga ƙyalle, ga wasu sanduna sirara masu igiyar roba a ciki, ga 'yan turaku da ba su fi yatsa ba. Yazidu ya ɗaga sanda ɗaya, ta miƙe da kanta ta doke shi a haɓa.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," ya ce yana shafa wurin. "Da mun gwada shi a tsakar gida."

"Yaushe ka faɗa? Ko a zuciyarka ka faɗa?"

"Na yi niyya."

"Mushe, kai fa kake koya wa 'ya'yan mutane kusurwa da da'ira. Ga kusurwa huɗu nan a ƙasa. Nuna mini aikin albashinka."

Suka zura sandunan inda ba nan ba, suka zare, suka sake zurawa. Da tantin ya tashi tsaye sai iska ta shiga cikinsa ta mirgina shi ya gangara, Yazidu ya bi shi da gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Turakun kuwa rairayi bai san da su ba, ka kafa ka juya baya su fito. A ƙarshe suka ɗaure igiya ɗaya a tayar ajiya, ɗaya a jarkar ruwa, biyu a gindin aduwa, suka tsaya suna haki suna kallon abin da suka gina. Ya karkace kamar hular mashayi, amma yana tsaye.

Hamsatu ta kai rishon gaz bayan mota, inda iska ba ta kaiwa, ta ɗora shinkafa da wake. Wutar shuɗiya ce, tana huci a hankali. Ko ƙuda ba ta kora ba.

Suna idar da salla suka hango mutum ya ƙetaro kwarin. Dogon dattijo ne, rawaninsa baƙi ya koɗe, ya rufe baki da shi. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama, sai da Yazidu ya taso ya tarye shi sannan ya ƙaraso.

"Kun zo lahiya? Ina gajiya? Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

Ya ce sunansa Intalla, zangon can nasa ne. Bai tambaye su ko su wane ne ba, bai tambayi inda za su ba. Ya zauna a bakin tabarma, aka yi ta jan gaisuwa. Ya dubi tantin ya daɗe yana duba.

"Wanga ɗaki, na mutane ne ko na zabi?"

Yazidu ya yi dariya ya ce na mutum biyu ne.

"To, Allah shi sa ku shirya da juna," in ji dattijon.

Hamsatu ta lura idonsa yana yawo a ƙasa, gaban tanti, gindin aduwa, gefen tabarma, kamar mai neman abin da ya faɗi. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ya yi musu sai an jima ya koma.

Tana sauke tukunya ta ji kukan bunsuru yana matsowa. Ta leƙo daga bayan mota. Intalla ne ya dawo, hannunsa ɗaya riƙe da ƙahon wani jan bunsuru da ke turjewa, ɗayan riƙe da wuƙa a cikin kubenta. A kunnen bunsurun akwai ɗan kunnen roba ruwan ɗorawa.

Hamsatu ta ƙura wa kunnen ido. Ta san wannan roba, don hannunta sai da ya yi kanta wurin huda irinta. Bara, bayan mummunan rani, wani furoje, wato shirin agaji, ya raba jajayen awaki ga matan da garkensu ya ƙare, a filin kasuwar Rumbu, kowace mace 'yan awaki mata da bunsuru guda. Ta ɗaga ido ta dubi garken da ke ƙetaren kwari. Tun ɗazu ta ƙare masa kallo, don ido ya saba: awaki mata ne duka, da 'yan ƙanana biyu masu shan nono. Wannan shi kaɗai ne namiji. In ya tafi, babu haihuwa bana, babu nono baɗi, kuma mutanen nan sun koma inda fari ya bar su.

"Mushe," in ji Intalla, yana duban Yazidu, "ga abin da ya samu. Ba shi da yawa."

Yazidu ya buɗe baki yana neman kalmar godiya. Hamsatu ta riga shi.

"Baba, me za a yi da shi?"

"Abin da ake yi da bunsuru in baƙo ya sauka, ɗiyata. Na zo na duba, ban ga murhunku ba. Na koma na zauna ina kallo, ban ga hayaƙinku ba."

"Ai mun yi girki! Zo ka gani." Ta ruga ta ɗauko tukunyar ta buɗe masa, tururi ya tashi. Ta jawo rishon ta kunna. "Ga wutarmu. Gaz ne, ba ya hayaƙi."

Intalla ya sunkuya ya dubi shuɗin harshen wutar.

"To, ni na gani yanzu. Waɗancan fa?" Ya nuna da haɓa wajen tuddan gabas, inda hayaƙin wasu zanguna ke tashi siri-siri. "Kowa ya ga mota ta sauka ƙofata. Ba wanda ya ga an hura wuta. Gobe a bakin tabki za a ce baƙi sun kwana wajen Intalla da murhu sanyi."

"Su faɗa mana! Bakinsu zai ba jikokinka nono?"

Yazidu ya matso kusa da ita ya yi magana da faransanci, ƙasa-ƙasa. Ya ce ta bari, al'adarsu ce, ƙin karɓa zagi ne, kada ta ba su kunya a gaban dattijo. Haka aka tarar.

Wannan kalma ita ta ƙarasa kunna ta. Haka aka tarar! Da ita ake binne kowace magana mai amfani a ƙasar nan. Da ita mutum zai yanka abin da ya rage masa don tsoron bakin maƙwabci, da ita mai ilimi zai zauna ya ci naman ya suɗe hannu, ya koma gari yana yabon karamcin mutanen daji. Ta ajiye tukunya ta gyara tsayuwa, muryarta ta koma irin ta gindin itace ranar taro.

"Baba, ni ma'aikaciyar kiwo ce daga Dakoro. Wannan bunsuru na furoje ne, ga lambarsa a kunne. An ba ku shi don ya yi barbara, ba don tukunya ba. An gaya muku ranar rabo, ba a sayarwa, ba a yankawa. Ban yarda a taɓa shi ba."

Intalla ya sa yatsa biyu ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe idanunsa.

"Ashe aro ne," ya ce. "Mu mun ɗauka kyauta ce."

"Ba haka nake nufi ba."

"A'a, Madam, kin yi daidai. Mai abu ya zo, ai sai a ba shi abinsa."

Ya kwance igiyar da ke ƙugunsa, ya ɗaura a wuyan bunsurun, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen gaban mota, ƙulli biyu. Ya yi wa Yazidu sallama shi kaɗai. Ya gangara kwarin, bayansa a miƙe, bai waiwayo ba.

"To, madalla," in ji Yazidu. "Kin cece shi daga wuƙa. Yanzu sai mu sa shi a kujerar baya mu kai shi ya ga raƙuman dawa."

"Kai da ka tsaya kamar turke fa? Da na yi shiru da yanzu ana feɗe shi."

"Da kin yi shiru da garken ya rasa bunsuru. Da kika yi magana ma ya rasa bunsuru, ya haɗa da mutuncin tsoho. Ni lissafi na sani, kuma amsar ɗaya ce."

Hamsatu ta juya masa baya. Bunsurun ya ja igiya iyakarta, ya juya fuska wajen garkensa ya yi ta kuka. Ta zauna a bakin tanti, ƙayar aduwa ta soke ta, ta tashi. Ta ɗauki mayafinta ta gangara kwarin ita kaɗai.

Intalla ba ya nan, ya tafi wajen tabki. Wata mace mai shekaru tana tsugune tana tatsar akuya a bakin tantin tabarma, baƙin zane a kanta. Hamsatu ta yi sallama ta durƙusa.

"Sannu, Inna."

"Sannu kade. Riƙe mini ƙafar wagga, tana harbi."

Hamsatu ta riƙe. Wannan dai ta iya. Nono ya yi ta tsartuwa cikin ƙwarya, har akuyar ta ƙare aka sake ta.

"Ni ce Aisa," in ji matar. "Na gane ki tun da kika sauko daga mota. Ke ce mai tsawa ranar rabo a Rumbu. Kin ce mu yi layi kamar 'yan makarantar lakwal."

"Ni ce, Inna."

"Awakin nawa ne, ni aka ba. Tantin ga ma nawa ne, shi kwana kawai yake yi ciki. Shigo."

Hamsatu ta sunkuya ta shiga. Ba ta taɓa shiga irinsa ba, sai dai ta tsaya daga waje da allurar rigakafi a hannu. Ciki ya fi yadda ta zata faɗi, iska tana ratsa tabarmin ta fita, gado na sanduna ya cinye rabinsa, ana jin ƙanshin fata da hayaƙi da nono. Irinsa kakarta ta yi ta ambato har ta mutu, tana cewa bango yana shaƙe ta. Aisa ta miƙa mata ƙwarya.

"Wa ya raine ki, ɗiyata? Fuskarki tamu ce, amma ba ki san komi ba."

"Inna, ba zan iya kallo a yanka shi ba."

"Wa ya ce ki kalla? Ji nan. Mutumin da ya yi niyyar yanka, bayan tanti yake yi, baƙo nama kawai yake gani a akushi. In kin ga an jawo dabba da ranta har gabanki, ƙofa aka buɗe miki. Sai baƙo ya ɗora hannu a wuyanta ya ce, na karɓa, na gode, a bar mini ita nan ta ƙara ƙiba. Mai gida ya yi musu, baƙo ya nace. Shi ke nan. An ba da, an karɓa, duk wanda ke leƙe daga tudu ya gani, dabba ta koma garke. Tsohon nan sai da ya zagaya awakin ga sau nawa yana neman wani namijin, kamar bai san babu ba."

Hamsatu ta ajiye ƙwaryar.

"Da ba wanda ya ce komai fa? Da mun yi godiya kawai?"

"Da yanzu kina cin hanta."

"To kin gani! Me ya sa za a ɗora rayuwar garke a kan ko baƙo ya san wata magana ko bai sani ba?"

Aisa ta yi 'yar dariya marar daɗi.

"Ki tambaye shi, ni na gaji. Kafin fari ina da rago, na yi masa kiwo kamar ɗa. Wani mutum ya sauka yana cigiyar raƙuminsa, shi ma ɗan gari ne irinku, bai san a ce a bar mini ba. Ya ci, ya yi gyatsa, ya tafi. Ko sunansa ban riƙe ba. Kada ki ga kamar ina jin haushinki don kin hana. Yadda kika hana ne. Kin tsaya gaban mijinki kin gaya wa tsoho abin da zai ba baƙo ma ba nashi ba ne."

"In na kwanto shi na kawo yanzu fa?"

"Zai mayar miki, ko ya kore shi daji kura ta samu. Maganar da aka yi da wuƙa a hannu ba a warware ta rana ɗaya. Bari ya kwana. Da safe ki zo, kuma ki bar Madam ɗin nan a mota."

Ta koma da ƙwaryar nono a hannu ana kiran magariba a bakin Yazidu. Suka ci shinkafar da ta huce. Kwanansu na farko a daji ba abin ba da labari ba ne: ruwa ya sauko daga gabas ya sami ƙofar tantin a buɗe gare shi, ƙasa ta fi yadda suka zata tauri, bunsuru kuma bai rufe baki ba sai da Yazidu ya fita ya jawo shi ƙarƙashin mota.

Gari ya waye a wanke. Hamsatu ta shanya barguna a kan mota, ta kwance ƙullin Intalla da haƙora da farce, ta ce wa Yazidu ya biyo ta. Bunsurun ne ma ya ja ta har ƙetaren kwari.

Intalla yana zaune gaban tanti yana fifita gawayin shayi. Aisa tana gefe tana kaɗa nono, awakin ba a sake su ba tukuna. Aka gaisa, gaisuwa doguwa, dattijon yana amsawa yana kallon butar shayinsa. Hamsatu ta durƙusa, ta ɗora hannu a wuyan bunsurun.

"Baba, jiya ka ba ni wannan. Na karɓa, na gode, Allah ya mayar da alheri. Sai dai ba ni da garke a Dakoro, gidan haya muke. Ina roƙon Inna Aisa ta riƙe mini shi a nan ya ƙara ƙiba."

"Jiya na furoje ne," in ji Intalla. "Yau kuma naki. Dabbar ga tana sauya iyayengiji fiye da kuɗin kasuwa."

"Jiya bakina ya riga hankalina."

"Mushe, kullum haka take?"

"Wannan ma don tana jin nauyinka ne, Baba," in ji Yazidu.

Kafaɗun dattijon suka ɗan motsa. Ya zuba shayi a ƙaramin kofi daga sama, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa.

"Ni ba ni kiwon dabba mai ubangiji biyu," ya ce. "Gobe wani ya sauko daga wata mota ya duba kunne ya ce tashi ce, ya yi mini tsawa gaban iyalina. In naki ne, cire musu ɗan kunnensu."

Ya zaro wuƙar daga kube ya miƙo mata ta wajen ƙota.

Yazidu ya sake komawa faransanci. Ya ce ta yi tunani. Bunsurun da ba lamba, a wurin masu furoje ɓatacce ne, kuma yankin nan a hannunta yake. Abin da ya fi wannan muni, in labari ya isa Dakoro cewa ma'aikaciya ta karɓi bunsurun rabo ya zama nata, ba wanda zai tsaya jin yadda aka yi. Akwai mutane a biro da suka daɗe suna jiran ranar da mai yi musu wa'azi za ta zame.

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta san fuskokin da za su yi murna, ta san wanda zai fara cewa ashe ita ma tana ci. Ta dubi robar. Tun ranar rabo babu wanda ya tako daga biro ya ga ko awakin nan suna raye, har da ita. Robar ba ta hana wuƙa fitowa jiya ba, kuma ba za ta hana ta fitowa ranar da wata mota ta sake tsayawa a kan tudun can ba.

Ta karɓi wuƙar.

"Riƙe mini kansa, Mushe."

Yazidu ya yi ajiyar zuciya, ya tsugunna ya rungume wuyan bunsurun. Ta zura bakin wuƙa tsakanin roba da kunne a hankali, ta datse ƙusar da ta haɗa su. Robar ta faɗo gida biyu, ko ɗigon jini babu. Ta tsince ta ta ƙulle a bakin mayafi.

"Ranar da na koma aiki zan ajiye ta a teburin shugabanmu da hannuna," ta ce wa mijinta da Hausa, don kowa ya ji. "Ni zan faɗa masa, kafin wani ya faɗa." Sannan ta juya ga dattijon ta mayar masa da wuƙarsa. "Baba, yanzu nawa ne?"

"Naki ne."

"To ga sharaɗina. Amana na bari. Ko wa ya sauka a nan, ko da motoci goma ya zo, ko ya hura wuta ko bai hura ba, ba a jawo masa bunsuruna."

Intalla ya ɗago kai, idanunsa suka ƙanƙance a saman rawani.

"Ji yarinyar ga! Wa ya taɓa yanka amana? Kin ɗauke ni ɓarawo?"

"Na dai faɗa ne a gaban shaidu."

"Na ji, kuma na shaida," in ji Aisa da sauri, ba ta ko daina kaɗa nono ba. "Mushe ma ya ji."

Dattijon ya dubi matarsa, ya dubi Hamsatu, ya gane an kewaye shi. Ya yi tsaki, ya ce mata biyu in suka haɗa kai ko raƙumi sai ya durƙusa. Ya ce kuma mai amana ba ya ajiye dabba ya ɓace, in an sauko Rumbu bayan girbi ta zo ta ga kayanta da idonta, in ba haka ba shi zai ɗauka wasa aka yi masa. Ta ce za ta zo. Ya miƙa wa Yazidu kofin farko.

Aisa ta ajiye goranta, ta zo ta zare igiyar daga wuyan bunsurun, ta buɗe wa awakin hanya. Ya kutsa tsakiyarsu yana shinshina wannan yana ture waccan, suka gangara wajen tabki gaba ɗaya.

"Zauna ki sha shayi," in ji Intalla. "Mai dabba a garke ba baƙuwa ba ce, ba wanda zai yanka miki komi."